Muhawara: idan madarar gwangwani ta sa jariri ciwo, ta yaya ake gano inda ƙwayar cutar ta fito?

Mai Farmasi, Wadata:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masu aikin awo da masu aikin jinya da ke cikin wannan zaure su warware mana wata matsala da ta shafi sana'armu. Duk lokacin da labari ya zo daga Turai ko Amurka cewa wani kamfani ya janye madarar jarirai daga kasuwa, sanarwar takan zo da jerin lambobi da sunan masana'anta guda ɗaya, wani lokaci har a faɗi sashen ginin da ƙwayar cutar ta ɓuya a cikinsa. Tambayata ta farko ita ce, ta yaya masu bincike suke tashi daga kan jariri mai zawo da masassara a wani gari, su bi sawu har su tsaya a kan bango guda a cikin masana'anta? Ta biyu kuma, madarar da aka dafa, aka busar da ita da iska mai zafi, aka rufe ta a gwangwani, ta ina ƙwaya take samun hanyar shiga cikinta?

Malam Mai Awo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin wanda bai san yadda ake yin madarar ba, ba zai gane inda ake neman ƙwayar ba. Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, garin madarar jarirai ba abu ne da aka kashe dukkan ƙwayoyin cikinsa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin haka a fili. Ana haɗa madarar shanu da mai da sukarin madara da sauran sinadarai tun suna ruwa, a dafa su da zafin da yake kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Cronobacter, sa'an nan a rage ruwan, a fesa abin da ya rage daga saman wata doguwar hasumiya mai tsawon bene da yawa, inda iska mai zafi take busar da shi ya sauko gari. Har zuwa wurin dafuwa babu matsala. Matsalar tana farawa ne daga hasumiyar zuwa bakin gwangwani, domin daga nan babu sauran wani mataki da yake kashe ƙwaya. Garin yana bi ta bututu da rariya da rumbunan ajiya, iska tana busa shi, a wasu masana'antu kuma ana zuba masa wasu sinadarai a bushe, irin waɗanda zafi zai lalata, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare ƙofa ce.

Ƙwayoyi biyu aka fi tsoro. Salmonella tana kawo zawo, sau da yawa da jini, da masassara. Cronobacter sakazakii, wadda kafin 2008 ake kira Enterobacter sakazakii, ba ta cika kama yara da yawa ba, amma idan ta kama jariri sabon haihuwa ko bakwaini takan shiga jini, ta haifar da sanƙarau, kuma tana kisa ƙwarai. Dukansu biyu suna jure bushewa. An nuna cewa Cronobacter tana iya zama da rai a cikin busasshen gari har shekara 2, ba ta hayayyafa, ba ta kuma mutu ba, tana jiran ruwa kawai. Shi ya sa a sashen busasshen gari na masana'anta ba a wanke ƙasa da ruwa yadda muka saba ɗaukar tsabta, sai dai a share da injin zuƙe ƙura. Rufin da yake yoyo, ko ruwan da ya kwanta a wani lungu bayan gyara, shi ne yake mai da ƙwaya ɗaya ta zama miliyoyi, daga nan takalmin ma'aikaci ko tayar amalanke ta ɗauke ta zuwa kusa da garin.

Hajiya Ungozoma:
Malam, bayaninka ya yi kyau, amma ina jin tsoron kada mu kai hankalin iyaye mata can Turai mu bar abin da yake gabanmu. A aikin gidan haihuwa abin da nake gani shi ne kwalbar shayarwa da aka wanke da ruwan sanyi ba sabulu, da kan roba da madara ta daskare a cikinsa, da madarar da aka dama da safe ana ba yaro ragowarta da azahar a cikin zafin watan Afrilu. Ruwan ma wani lokaci daga mai ga-ruwa aka saye shi, ya kwana a jarka. Idan irin wannan yaro ya kamu da zawo, ban ga dalilin zargin masana'antar da take nesa da mu dubban kilomita ba.

Ɗalibar Likitanci:
Inna, gaskiyarki ce idan ana maganar yaro ɗaya, kuma masu binciken ma ba sa zargin masana'anta saboda yaro ɗaya. Abin da yake tayar da bincike shi ne a ga yara da yawa, a garuruwa daban-daban, gidajensu ba su san juna ba, ruwansu ba ɗaya ba, amma ƙwayar da aka samu a jikinsu iri ɗaya ce. Abin da ya faru a Faransa a 2017 ya amsa tambayar Alhaji ta farko sarai. A can, ɗakunan awo na asibitoci suna aika Salmonella da suka samu a jikin marasa lafiya zuwa cibiya guda ta ƙasa da ke Institut Pasteur a Paris, inda ake tantance irin kowace. A ƙarshen watan Nuwamba na 2017 ma'aikatan cibiyar suka lura cewa wani iri da ake kira Agona, wanda ba a saba ganinsa da yawa ba, yana ta fitowa daga jarirai 'yan ƙasa da wata 6 a cikin kwanaki kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma jaririn da bai kai wata 6 ba abincinsa bai wuce nono ko madara ba, don haka da'irar zargin ƙarama ce tun daga farko.

Hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar ta shiga kiran iyayen ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu abin da yaran suka sha kafin ciwon. Sunayen madarar da iyayen suka faɗa ba ɗaya ba ne, akwai Picot, akwai Milumel, amma da aka duba inda ake yin su sai aka ga duk daga masana'anta guda suke, ta kamfanin Lactalis da ke garin Craon a yankin Mayenne. Ranar 2 ga Disamba aka fara janye rukuni 12 kacal, rukuni kuwa shi ne garin da aka yi a zubi ɗaya aka sa masa lamba ɗaya. Bayan kwanaki aka ƙara ɗaruruwa, kafin Kirsimeti aka sake ƙarawa, a watan Janairun 2018 kuma aka ce a dawo da duk abin da masana'antar ta fitar ba tare da duba lamba ba. Shugaban kamfanin da kansa ya ce abin ya shafi gwangwani miliyan 12 a ƙasashe 83, cikinsu har da maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma. Jariran da aka tabbatar sun kamu a Faransa sun kusa 40. Abin lura a nan shi ne, an kai ga masana'antar ne ta bakin iyaye da ta awon kashin yara, kafin hukuma ta kama ƙwayar a wurin aikin.

Malam Mai Awo:
Ɗiyata ta kawo misalin da ya dace, kuma akwai sauran labarin da ya fi wannan ban tsoro. Sanin cewa ƙwayoyi biyu duk Agona ne bai isa hujja ba, domin Agona tana da zuriya da yawa a duniya. Abin da ake yi yanzu shi ne a karanta dukkan rubutun gadon ƙwayar, wanda a Salmonella ya kusa harafi miliyan 5, a jera na wannan yaro da na wancan, a ƙirga wuraren da suka bambanta. Idan bambancin 'yan ƙalilan ne, to kakansu ɗaya ne kuma ba da daɗewa suka rabu ba. Da masanan Pasteur suka yi wannan aiki, sai suka koma cikin ajiyarsu suka ɗauko ƙwayoyin da aka daskarar tun 2005, shekarar da jarirai fiye da 140 suka kamu da Agona daga madarar wannan masana'anta ta Craon, lokacin tana hannun kamfanin Célia, kafin Lactalis ya saye ta a 2006. Zuriya ɗaya ce. Suka kuma gano wasu jarirai 25 da suka kamu da ita ɗai-ɗai tsakanin 2006 da 2016, ba tare da kowa ya haɗa su da madarar ba a lokacin. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar ta zauna a cikin ginin shekara 12. Kamfanin ya danganta sake fitowarta da aikin rushe wasu bangaye da gyaran ƙasa da aka yi a farkon 2017 a hasumiya ta ɗaya, kuma daga baya ya rufe wannan hasumiya gaba ɗaya.

Ba a Faransa aka fara ganin irin wannan ba. A Ingila a 1985 an bi sawun wata Salmonella mai suna Ealing har masana'antar Farley's da ke Kendal, inda aka tarar da huji a bangon ciki na na'urar busarwa. Gari yana zurarewa ta hujin ya shiga cikin kayan da aka cusa tsakanin bangaye biyu don riƙe zafi, ya gurɓata a can, sa'an nan ya riƙa dawowa cikin sabon gari kaɗan-kaɗan. Wuri ne da babu mai shara da zai taɓa kai hannunsa.

Baban Nana:
Malam, ni ba masani ba ne, uba ne kawai da ake saya wa ɗiyarsa madara tun da mahaifiyarta ta koma aiki. Abin da ban gane ba shi ne, ashe ba a awon madarar kafin a fitar da ita? Idan ana yi, yaya gwangwani miliyoyi suka fita da ƙwaya a ciki?

Malam Mai Awo:
Ana yi, ƙanena, sai dai awon yana da iyaka, kuma lissafi ne ya sa masa iyakar. Ƙa'idar Codex ta 2008, wadda hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara, ta ce a kowane rukuni a ɗebi samfuri 30 na giram 10 a nemi Cronobacter, a ɗebi 60 na giram 25 a nemi Salmonella, kuma ko ɗaya ya nuna ƙwaya ba a fitar da rukunin. Idan ka tara, giram 300 ke nan na farko, kilo ɗaya da rabi na biyu, daga garin da ake aunawa da tan. Ƙwayar kuma ba a gauraye take ko'ina ba, a dunƙule take nan da can. Kamar a ce an jefa 'yan tsakuwa kaɗan a cikin rumbun hatsi, aka ce ka zura hannu sau 30 ka faɗa ko akwai tsakuwa. A ɗauka cewa kashi 1 cikin 100 na garin ne ya gurɓata. Idan ka ɗebi samfuri 30, yiwuwar dukansu su fito da tsabta ta kai kusan kashi 74 cikin 100, idan 60 ka ɗiba kuwa kusan kashi 55 ne. Ke nan rukunin da yake da ƙwaya ya fi kusa da tsallake awo fiye da a kama shi.

Wannan ne ya sa masana'antar kirki ba ta dogara da awon gwangwani kaɗai. Tana raba ginin kashi-kashi, ana sauya takalmi da tufafi kafin a shiga sashen gari, ana tace iskar da take shiga, kuma a kai a kai ana goga auduga a ƙasa da magudanai da ƙafafun injina da ƙurar da injin shara ya tara, a kai ɗakin awo. Ana kuma neman dangin ƙwayoyin hanji baki ɗaya, ba don dukansu suna da haɗari ba, sai don yawansu alama ce cewa laima ta shiga inda bai kamata ba. Wanda yake neman ƙwaya da gaske a ƙasa yake samunta kafin ta kai ga gari. Abin da ya fi tayar da ƙura a batun Craon shi ne, awon da kamfanin yake yi da kansa ya nuna Salmonella a ƙasa da kayan shara a watan Agusta da na Nuwamba na 2017, amma dokar lokacin ba ta tilasta sanar da hukuma abin da aka samu a muhallin masana'anta ba, sai wanda aka samu a kayan da suka shiga kasuwa. A 2018 aka gyara dokar.

Hajiya Ungozoma:
To na ji, kuma na yarda cewa masana'anta tana iya zama tushen ciwo. Amma Malam, ka faɗa mana gaskiya, ko akwai lokacin da aka zargi kamfani, bincike kuma ya kasa tabbatarwa? Domin a kartiye, da zarar yaro ya rasu aka ce yana shan gwangwani, magana ta ƙare, madara ce ta kashe shi.

Malam Mai Awo:
Akwai, Hajiya, kuma babban misali ne. A watan Fabrairun 2022 kamfanin Abbott ya janye madarar Similac da wasu biyu da ake yi a masana'antarsa ta Sturgis a jihar Mishigan ta Amurka, bayan jarirai 4 da suka sha madarar wurin sun kamu da Cronobacter, 2 daga cikinsu suka rasu. Masu binciken hukumar abinci da magunguna ta ƙasar sun shiga masana'antar, sun tarar da ruwa kwance, da tarihin tsagewa a jikin na'urorin busarwa, kuma sun samu Cronobacter iri 5 a muhallin wurin. Amma daga jarirai 4 ɗin, ƙwayar 2 kaɗai aka ajiye har aka karanta gadonta, kuma babu wadda ta yi daidai da irin da aka samu a masana'antar, su biyun ma ba su yi daidai da juna ba. Kamfanin ya riƙe wannan a matsayin hujjarsa cewa ba a tabbatar madararsa ce ta jawo ciwon ba. Hukuma kuma ta riƙe cewa halin da ta tarar da ginin bai dace da abincin jarirai ba, kuma rashin dacewar samfuri 2 bai wanke wurin da ƙwaya iri-iri take zaune ba. An rufe masana'antar watanni, madara ta yi ƙaranci a Amurka har aka riƙa shigo da ita da jiragen sama daga Turai. Wani abin mamaki shi ne, a lokacin kusan duk jihohin ƙasar ba su wajabta wa likitoci kai rahoton Cronobacter ba, sai daga 2024 aka sa ta cikin cututtukan da ake bayar da rahotonsu a ƙasa baki ɗaya.

Maganarki tana da wani goyon baya kuma. Cronobacter tana nan a muhalli, a ƙura, a busassun kayan abinci, a wurin wanke-wanke. A 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar da labarin jarirai 2 da aka bi sawun ciwonsu ta hanyar karanta gado. Na ɗaya, ƙwayarsa ta yi daidai da wadda aka samu a buɗaɗɗen gwangwanin gidansu, amma ba a same ta a rufaffun gwangwanayen rukunin ba. Na biyu bakwaini ne, kuma a jikin kayan tatsar nono da ake wankewa a gida aka samu tasa. Shi ya sa buɗaɗɗen gwangwani shi kaɗai ba ya kama kamfani, tun da cokali da hannu sun shiga cikinsa. Sai an samu rufaffe mai lamba ɗaya da shi an auna.

Baba Tsohon Ma'aikacin Duwan:
'Ya'yana, na saurare ku, kuma duk labaran da kuka kawo abu ɗaya suke tsaye a kansa, wato lambar rukunin da take a gindin gwangwani. Da ita kamfani yake sanin ranar da aka yi garin, da hasumiyar da ta busar da shi, da buhunan sinadaran da aka zuba, da dillalin da aka sayar wa. Ku dubi yadda kaya suke iso mana. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, madara tana sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa, Lome ko Kwatano, ta hau mota ta yi kwanaki a hanya, wata kuma ta shigo ta iyakar kudu ta Ƙonni ko Maraɗi a cikin kayan 'yan kasuwa. Wadda ta bi ta hannun manyan masu shigo da magunguna tana da takardu, ana iya cewa kwali kaza ya tafi farmasi kaza. Wadda ta bi ta hannun 'yan sari kuwa, takardarta tana faɗin yawan kwali da kuɗinsa ne, ba ta faɗin lambar rukuni, kuma daga Katako ko Babbar Kasuwa ta watsu cikin butikai har Tawa da ƙauyukanta. Idan sanarwar janyewa ta zo, akwai hanyar da hukumomin ƙasashe suke sanar da juna, amma wa zai kai ta ga mai butikin da ya sayi kwali 2 wata 3 da suka wuce? A Faransa ma, da duk na'urorinsu, manyan kantuna sun amsa cewa sun ci gaba da sayar da madarar Lactalis bayan an hana.

Ban da wannan, akwai wanda yake buɗe babban gwangwani ko buhu ya ƙulla a leda don mai ƙaramin ƙarfi. Wannan garin ya rabu da lambarsa har abada, kuma sau da yawa ma ba madarar jarirai ba ce, madarar shayi ce.

Mai Farmasi, Wadata:
Baba ya taɓo inda yake mana ciwo. Ko a farmasi, muna rubuta lambar rukunin magani idan ya shigo, amma ba mu rubuta wanda ya sayi gwangwanin madara ba, kuma uwa takan jefar da gwangwanin ko ta zuba gishiri a ciki idan ya ƙare. To Malam, ga wata tambaya da iyaye suke yi mana kullum. A jikin gwangwanaye da yawa da suke zuwa daga Turai an rubuta a dama da ruwa mai ɗumi kaɗan, ku kuma kuna cewa mai zafi. Wanne za mu faɗa musu?

Ɗalibar Likitanci:
Kawu, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007 ita ce a dama da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, domin wannan zafin yana kashe Cronobacter da Salmonella da suke cikin garin. A aikace, a tafasa lita ɗaya, kada a bar shi ya huce fiye da minti 30, a zuba a kwalbar da aka tafasa, a sa garin, a girgiza, sa'an nan a sanyaya kwalbar a cikin ruwan sanyi kafin a ba yaro. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Wasu ƙasashen Turai sun zaɓi ruwan ɗumi ne saboda tsoron ƙuna, da kare wasu sinadarai da ƙwayoyi masu amfani da ake sa wa wasu madarori, kuma sun gina shawararsu a kan gida mai firigo da ruwan kwalba da ɗaki mai sanyi. A zafin jikin mutum, bayan ɗan lokacin farfaɗowa, Cronobacter tana ninka kanta kimanin duk minti 20, wato ninki 64 a awa 2, fiye da ninki 4,000 a awa 4. Ɗakinmu a Yamai a watan Mayu, idan kuran ya ɗauke, ya kai wannan zafin ko ya wuce. Ni a ganina ga jaririn da bai kai wata 2 ba, da bakwaini, da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, babu wani zaɓi sai digiri 70.

Malam Mai Awo:
Na goyi bayanta, da ƙarin bayani ɗaya don kada a ɗauka ruwan zafi yana maganin kome. Akwai ƙwayar Bacillus cereus da take fitar da wata guba mai sa amai, wadda ko tafasa ba ta lalata ta. Saboda wannan guba ce kamfanin Nestlé ya janye madara a ƙasashe da dama a farkon 2026, kuma sawun bai tsaya a hasumiya ko bango ba, ya wuce zuwa wani mai da ake saye daga wani kamfani ana zubawa cikin madarar, har abin ya shafi wasu kamfanonin da suke sayen mai ɗin. Don haka gwangwanin da lambarsa take cikin jerin janyewa ba a gyara shi da tafasa ruwa, mayar da shi ake yi.

Hajiya Ungozoma:
Duk wannan yana ƙara mini ƙarfi a kan abin da muke faɗa wa mata a wurin awo, nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba yaro. Amma akwai marayu, akwai 'yan biyu da 'yan uku da nono bai ishe su ba, akwai uwar da take kwance, kuma madarar F-75 da F-100 da ake ba yara masu tamowa a asibiti ita ma gari ce da ake damawa. Ga waɗannan ni na fi son kofi da kwalba, tun da kofi ba shi da lungun da madara take maƙalewa. To yanzu Malam, idan jariri mai shan gwangwani ya zo mana da masassara, ya ƙi tsotso, jikinsa ya saki, ban da gaggauta tura shi wurin likita, me za mu yi a namu matakin don idan akwai sawu kada ya ɓace?

Malam Mai Awo:
A ce wa dangi su taho da gwangwanin yadda yake, da cokalinsa, kada a wanke kome, a sa shi cikin leda mai tsabta a ɗaure, in akwai wani rufaffe da aka saya tare da shi shi ma a kawo. A rubuta a karnen yaron da kuma rajistar gidan haihuwa sunan madarar, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi, da inda aka saye ta, da ranar da aka buɗe, da irin ruwan da ake damawa da shi. Hoton gindin gwangwanin da waya ya fi kwafe lambar da hannu, domin harafi ɗaya ya kuskure an tafi wani rukuni. A asibiti, idan hali ya yi, a ɗebi jini ko kashi ko ruwan ƙashin baya kafin a fara allurar kashe ƙwayoyi, amma ba a jinkirta maganin jariri don jiran awo. Mu kuma a ɗakin awo, idan ƙwaya ta tsiro daga jinin jariri sabon haihuwa, kada mu tsaya a kan rubuta sakamako mu zubar da farantin. A ajiye ta, domin Cronobacter tana kama da wasu danginta a awon yau da kullum, kuma ƙwayar da aka ajiye ce kaɗai ake iya turawa gaba a karanta gadonta. Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a nan Yamai, wadda ta daɗe tana aikin bin ƙwayoyin sanƙarau kuma tana cikin haɗin gwiwar cibiyoyin Pasteur, muna da LANSPEX da take awon abinci da ruwa da magunguna, don haka inda za a kai samfuri yana nan idan samfurin ya tsira.

Baban Nana:
Malam, na duba gindin gwangwanin da ke gidana yanzu, layi uku ne a rubuce, biyu kwanan wata ne, ɗaya kuma haruffa da lambobi a haɗe. Wanne ne lambar rukunin?

Mai Farmasi, Wadata:
Wanda yake da haruffa da lambobi a haɗe shi ne, ƙanena, sau da yawa da harafin L a gabansa. Sauran biyun ranar yi ne da ranar ƙarewar wa'adi, kuma sanarwar janyewa takan haɗa lambar da ranar ƙarewa, don haka ka ɗauki hoton layukan uku tare. Idan rubutun ya goge ko an manna wata takarda a kansa, kada ka ba Nana, ka mayar wa wanda ya sayar maka.